Golf na faifai: yadda sabon shiga zai fara

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda ya tashi a Maradi ya taɓa wurga murfin bokiti, ya tsaya yana kallon yadda yake shawagi kafin ya faɗi. To, irin wannan jifa aka yi wa ƙa'ida a Amurka, ya zama wasan golf na faifai.

Abin da ake auna da faifan shi ne wani kwandon ƙarfe da ke kan sanda, da sarƙoƙi rataye a samansa. Ed Headrick ne ya ƙirƙiro shi, mutumin da ya tsara filin farko a 1975, a wani wurin shaƙatawa na jama'a kusa da Pasadena, jihar Kalifoniya. Sarƙoƙin nan su ke tare faifan, su kashe masa gudu, ya zube cikin kwando. Ƙarar da suke yi, kacau, ita ke sa mutum ya dawo gobe.

Fili yakan ƙunshi kwanduna 9 ko 18. Za ka tsaya a mafari ka yi jifa. Inda faifan ya faɗi, nan za ka je ka sake, har ya shiga. Wanda ya gama da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. A filin ƴan koyo tazarar gajera ce, yawanci jifa 3 ake sa ran ya isa.

Faifan roba ne, faɗinsa kusan santimita 21, nauyinsa ba ya wuce giram 200. Akwai mai kaifin baki na cin nisa, akwai matsakaici, akwai mai kaurin baki na kusa. Ɗan'uwa, ka bar mai kaifin nan tukuna. Yana buƙatar gudun da hannunka bai kai ba, sai ya karkace ya nufi ƙaya. Ɗauki mai kaurin baki. Babban yatsa a sama, sauran huɗu a naɗe a ƙasa. Juya kafaɗa baya, jawo shi ta gaban ƙirji a shimfiɗe, kamar mai miƙa tiren shayi a fada ba ya so ya zube. Kada ka ɗaga bakinsa na gaba sama, iska za ta ɗauke shi ta dawo maka da shi, balle a hunturu. In da hannun dama ka jefa ta bayan hannu, zai lanƙwasa hagu a ƙarshe, don haka ka auna dama kaɗan.

Filin na kowa ne. In ga yara ko mai tallar ƙosai a gaba, a dakata har su wuce, don faifan nan yana fasa goshi.

Abin da ya sa nake son wasan, ko babu kwando ana yinsa, da itatuwa ma aka fara. Ku samu fili da la'asar sakaliya, ku zaɓi itacen bedi 9, ku ɗaura wa kowanne tsumma daidai ƙugu. Faifan da ya bugi gindi ƙasa da tsumman ya shiga. Mutum ɗaya ya riƙe takarda da biro yana rubuta jifan kowa.