Sharhi: Kafin a ce yaro ya ƙare

Masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, na tsaya kallon atisayen ƙwallon kwando a wani filin siminti a nan cikin birnin Kano. Akwai wani dogon yaro da bai wuce shekara 17 ba, duk jifan da ya yi sai ta faɗa kwando. Ya yi tsalle ya cafe ƙwallo, da zai dira sai ya taka ƙafar abokin wasansa, idon sawu ya gurɗe. Ya zauna dirshan yana riƙe da ƙafar, ya cije leɓe. Wani dattijo a gefena ya girgiza kai ya ce, "Karo na uku ke nan bana. Yaron nan ba inda zai je, jikinsa ba na wasa ba ne."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin ban yarda da ita ba.

Ku tuna Joel Embiid, ɗan Kamaru. Ƙungiyar Philadelphia 76ers ta ɗauke shi a 2014 alhali yana da karaya a ƙafar dama. Kaka biyu cur bai buga ko wasa ɗaya ba. A ta uku wasa 31 kawai ya yi, gwiwa ta sake kwantar da shi. Mutane sun ce an yi asarar kuɗi. A 2023 shi aka zaɓa gwarzon gasar NBA ta Amurka. Haka Stephen Curry, wani tauraron NBA: idon sawu ya dame shi har aka yi masa tiyata sau biyu, a kakar 2011 zuwa 2012 wasa 26 ya iya bugawa. Masu horarwa suka zauna suka sake koya masa yadda zai ɗora nauyinsa a kan ƙugu da cinya maimakon idon sawu. Yau yana da kofi huɗu.

Amma ba zan ɓoye muku ɗaya ɓangaren ba. Greg Oden shi aka fara ɗauka cikin sababbin 'yan wasan NBA a 2007, gaban Kevin Durant da ya zama tauraro daga baya, ga ƙwararrun likitoci ga kuɗi, duk da haka gwiwoyinsa suka ƙi. Wasa 105 ya buga a NBA, shi ke nan. Akwai jikin da ba ya ɗaukar wannan wasa, musamman dogo mai nauyi, wannan gaskiya ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mu a nan ba ma bari a kai ga gane wane irin jiki ne da yaro. An jira Embiid shekara biyu. Namu ko mako biyu ba a jiran sa. A kai shi wurin mai ɗori, a ja ƙafar, a shafa man zafi, a naɗe da bandeji, kumburi na saɓewa ya koma fili. Ban raina masu ɗori ba, sun taimaki al'umma tun kaka da kakanni. Sai dai jijiyar da ta yage ba kowa ke iya gane zurfin raunin ta da laluben hannu ba, kuma idan ba ta haɗe sosai ba gaɓar sakwarkwacewa take yi, targaɗe na biyu ya fi na farko saurin zuwa. Ga Asibitin Ƙashi na Dala a garin nan, ga masu gashin ƙashi da suka karanci aikin. Yara nawa ake kai musu tun targaɗen farko?

Ka haɗa da siminti da ba ya sassauta wa gwiwa kamar katako, da takalmin gwanjo da ƙasansa ya suɗe. Shi kuma yaron ɓoye ciwon yake yi, don yana tsoron koci ya ba wani gurbinsa, ga burin wata rana ya sa rigar Kano Pillars a ɗakin wasa na Ƙofar Mata.

Don haka koci, don Allah ka ce masa gurbinsa na nan har ya warke. Iyaye, a daure a yi hoton ƙafar.

Shi wancan yaron, abokansa biyu ne suka tallafe shi zuwa cikin adaidaita sahu, takalmi ɗaya a hannunsa. Ina ji ɗayansu yana ce masa ya daure, ranar Laraba akwai wasa.