Jawabin Maraba ga Mai Girma Gwamna daga Kwamitin Wasanni na Sojojin da Suka Jikkata a Bakin Daga, Kaduna

Assalamu alaikum. Mai girma Gwamna, masu girma kwamishinoni, manyan hafsoshi, iyayenmu sarakuna, malamai da fastoci, 'yan mazan jiya, matanmu da 'ya'yanmu, muna yi muku barka da zuwa.

Ranka ya daɗe, aikinka ba ya buƙatar maroƙi, duk wanda ke nan ya san shi, don haka ba za mu ci lokacinka da yabo ba. Zuwanka da ƙafarka ya ishe mu alfahari. Za mu fara da abin da ya hana mu barci: muna roƙon a gina mana ɗakin wasa mai rufi da daɓen katako. Sauran maganar tana biye.

Kaduna garin soja ne tun fil azal. A 1917 Gwamna Lugga, Baturen mulkin mallaka, ya dawo da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru. Tun 1924 ake horar da kurata a Zariya, makarantar hafsoshi ta NDA a nan aka kafa ta a 1964, ga barikin soja na Jaji a gefenmu. Kakanninmu sun je ƙasar Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma da Hausa suke magana a bariki. Iyayenmu da yayyenmu sun je Laberiya da Saliyo da Darfur. Mu kuma rabonmu ya faɗo a Sambisa da bakin Tafkin Chadi da dazukan Birnin Gwari. A can wasunmu suka taka nakiya, wasu harsashi ya taɓa musu laka. Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni don waɗanda suka kwanta dama, Allah Ya jiƙan su. Wanda ya dawo da ƙafa ɗaya fa? Shi sai yawon ofis-ofis da sandar dogarawa, fayil a hammata, ana ce masa ya dawo mako mai zuwa.

Wasa ne ya fito da mu daga ɗaki. A 2014 Yarima Harry na Ingila ya kafa gasar Invictus don sojojin da suka jikkata. Najeriya ta fara shiga a 2023 a Düsseldorf ta ƙasar Jamus, inda ɗan'uwanmu Peacemaker Azuegbulam, wanda ya rasa ƙafarsa a yaƙin Arewa maso Gabas, ya ciyo zinare a ɗaga nauyi. A watan Mayun 2024 Yariman ya zo garin nan, ya gaida majinyata a asibitin soja na 44. Baƙo daga ƙetare ya san da zamanmu, ranka ya daɗe, ina ga na gida?

Yanzu dubi inda muke atisaye. Ƙwallon raga ta zaune muke bugawa a kan simintin nan da ke gabanka. Fili ne ƙarami, mita 10 tsawo, mita 6 faɗi, amma da tafin hannu da ɗuwawu ake yawo a cikinsa. A watan Maris kafin hantsi simintin ya zama tanda, hannu ya yi bororo, wando ba ya yin wata guda. Wanda dungulminsa ya goge ya yi gyambo kuwa, sai ya ajiye ƙafar roba har ya warke. Da damina mu tattara raga mu zauna kallon ruwa. Keken ƙwallon kwando ƙafafunsa a karkace suke don kada ya kife. Namu na asibiti ne, masu walda na Panteka suke lallaɓa mana su, Allah Ya saka musu, sau da yawa ba sa karɓar ko sisi.

Ba wasa kaɗai muke yi ba. In aka kawo sabon wanda aka yanke wa ƙafa, ya juya fuska bango ya ƙi abinci, mu ake kira. Ɗayanmu zai zauna bakin gadon, ya kwance ƙafar robarsa ya ajiye a gabansa, ya ce masa ƙaiƙayin da yake ji a yatsun da babu su ba hauka ba ne, mu ma mun ji shi. Abin da likita zai yi mako yana faɗa, a bakin wanda ya ɗanɗana sai ya shiga. Muna zuwa makarantun sakandare ma, mu yi wa samari magana a kan ƙwaya da zaman banza. Yaran kan yi tsit, ko don ƙafar ne ko don maganar, oho.

Muna kuma roƙon kekunan wasa goma sha biyu, da mota mai gangara a ƙofa, da a sa baki a kan haƙƙoƙin 'yan'uwanmu da suka maƙale. Amma in ɗaya za a yi, ɗakin nan za a yi. Manyan baƙi sun sha zuwa, an ɗau hoto, an auna fili har sau biyu, turakun ma gara ta cinye su. A 2027 za a yi gasar Invictus a birnin Birmingham na Ingila, kuma muna so a ji sunan Kaduna a can. Takardar kiyasin kuɗin ginin tana hannun sakatarenmu, ga shi can a kan keke, zai miƙa maka ita kafin ka tashi.

Allah Ya ja zamaninka, Ya mai da ku gida lafiya.