Midnight Oil: an bar jaki ana dukan taiki

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Tun ranar 14 ga Oktoban 2023, da mutanen Ostireliya suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama suka ƙi amincewa a kafa wa 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin, majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki, wata magana take yawo wadda ta ishe ni. Wai wannan sakamako ya nuna ƙungiyar mawaƙan rok ta Midnight Oil ta ɓata shekara kusan 50 a banza. Wai sun yi ta ihu a kan haƙƙin Aborijin, ga shi kusan kashi 60 cikin 100 sun ce a'a, jihohi shida duk sun ce a'a, don haka waƙa ba ta gyara komai, mawaƙi ya tsaya a kan jitarsa. Na ji wannan magana har a bakin abokan aikina, kuma ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Ga wanda bai san su ba, samari ne Turawa daga birnin Sidni, sun ɗauki wannan suna a 1976. Peter Garrett ne a bakin makirfo, dogo ƙwarai, kansa a aske tas, yana rawa kamar wanda lantarki ya ja. Rob Hirst na kan ganga, Jim Moginie da Martin Rotsey na kan jita. Sun fara ne a mashayun bakin teku, inda matasa ke zuwa don ƙarar kiɗa kawai. Da kuɗi kaɗai suke nema, da sun tsaya nan, kasuwa na ci.

A 1986 suka kwashi kayan kiɗansu suka nufi tsakiyar hamada tare da Warumpi Band, ƙungiyar mawaƙan Aborijin daga Papunya. Suka zaga ƙauyuka irin su Kintore da Yuendumu, suka kwana a ƙura, suka ga yadda masu ƙasa ke rayuwa cikin talauci da cuta a ɗaya daga cikin ƙasashe mafi arziki a duniya. Suka zama ganau. Har salon kiɗansu ya sauya, ya yi sanyi, ya bar wa kalmomi fili. Daga wannan tafiya faifan Diesel and Dust ya fito a 1987, da waƙar Beds Are Burning a cikinsa, wadda ba ta yi kwana-kwana ba: ƙasar nan ta mutanen nan ce, lokaci ya yi da za a biya kuɗin haya, a mayar musu da abinsu.

Ku lura da lokacin. A 1988 Ostireliya na bikin cika shekara 200 da saukar jiragen ruwan Birtaniya, ana shagali, ana harba wuta a sama. A daidai wannan lokaci waƙar da ke cewa wannan ƙasa bashi ce a wuyanku tana tashe a gidajen rediyon ƙasar, ta haye Amurka da Turai, har ta kai lamba ɗaya a Kanada da Afirka ta Kudu. Yaro a Sidni da bai taɓa jin sunan Yuendumu a aji ba, ya ji shi a motar babansa. Wannan shi ne aikin da suka yi: sun toshe ƙofar “ban sani ba”. Bayan 1987 Baturen Ostireliya na iya cewa bai damu ba, na iya cewa bai yarda ba, amma ba ya iya cewa ba a faɗa masa ba.

To ta yaya za a auna mawaƙi da sakamakon akwatin zaɓe? Mawaƙi ne ke kaɗa ƙuri'ar mutum miliyan goma sha wani abu? Shi ke sa hannu a doka? An bar jaki ana dukan taiki. Idan aka faɗa wa mutum gaskiya da babbar murya ya toshe kunne, laifin na mai kunne ne.

Kuma kada a ji kamar ina ba su ladar da ba tasu ba. Mayar wa mutanen Anangu da dutsen Uluru a 1985 gwagwarmayar Aborijin ce da kansu. Hukuncin Babbar Kotu na 1992, wanda ya rushe ƙaryar cewa Turawa sun tarar da ƙasar ba mai ita, ƙarar Eddie Mabo ce da 'yan'uwansa, kuma ya rasu watanni kaɗan kafin a yanke shi. Midnight Oil ba su ce su ne jagorori ba. Abin da suke da shi lasifika ce mai kai murya gidajen Turawa, ita suka bayar. Masu cewa wai fararen fata sun ƙwace maganar baƙaƙe, su tuna cewa a 1988 sun ɗauki ƙungiyar Yothu Yindi ta Aborijin suka zaga Amurka da ita, ta hau dandamali ta yi magana da bakinta.

Ku tuna daren rufe gasar Olamfik ta Sidni a shekarar 2000. Firaminista John Howard ya kafe ba zai nemi gafara ba kan yaran Aborijin da hukuma ta riƙa ƙwacewa daga hannun iyayensu shekaru da dama, duk da rahoton 1997 da ya fallasa abin dalla-dalla. Yana zaune a filin. Midnight Oil suka fito da baƙaƙen kaya, an rubuta kalmar neman gafara da farin rubutu a gaba da baya, suka rera waccan waƙa, duniya na kallo. Sai da aka jira har 13 ga Fabrairun 2008 kafin sabon Firaminista Kevin Rudd ya miƙe a majalisa ya furta kalmar a madadin ƙasa. Ba na cewa riga ce ta jawo wannan. Ina cewa tsakanin 2000 da 2008 babu ɗan siyasar da ya isa ya ce ba a tuna masa ba.

Haka suka yi wa kamfanin Exxon a 1990, bayan tankarsa ta malalar da mai a tekun Alaska: suka kafa kayan kiɗa a bayan babbar mota a ƙofar ofishinsa da ke birnin Niyok, da rana tsaka. Haka suka tsaya wa ma'aikatan ma'adinin asbesto na Wittenoom, waɗanda ƙura ta cinye musu huhu, da waƙar Blue Sky Mine.

Akwai wuri ɗaya da nake jinjina kai, kuma ba zan ɓoye ba. Garrett ya bar ƙungiyar a 2002, ya ci zaɓen majalisa a 2004 a jam'iyyar Leba, ya zama ministan muhalli a 2007. Mutumin da ya tsaya takarar sanata a 1984 a jam'iyyar masu adawa da nukiliya, shi ne ya amince a 2009 a buɗe sabuwar mahaƙar yuraniyam. Wannan ya yi wa masoyansa ciwo, ni ma ya yi mini. A zamaninsa ne kuma Ostireliya ta kai Japan kotun duniya kan kisan manyan kifayen teku, ta yi nasara a 2014, amma wannan bai goge wancan ba. Sai dai kujerar minista ta mutum ɗaya ce. Ba ta mayar da tafiyar hamada ƙarya, ba ta kankare abin da kunnuwa suka riga suka ji.

Sun sake haɗuwa a 2017. A 2020 suka fitar da faifan The Makarrata Project tare da mawaƙan Aborijin, suka ba da rabonsu na ribar ga masu fafutukar kiran da shugabannin Aborijin suka yi daga Uluru, kiran da ya haifi waccan ƙuri'a. A 2022 suka yi zagayen bankwana. Tsofaffi ne a lokacin, kuma maganar da suka fara da ita, ita suka rufe da ita.

Yanzu ku dubi inda ake. Aborijin ba su kai kashi 4 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunoni su ne. Tsawon ransu ya gaza na sauran jama'a da kimanin shekara 8. Yarjejeniyar da Firaminista Bob Hawke ya yi musu alkawari a 1988, gwamnatin tarayya ba ta sa mata hannu ba. Wa za a tuhuma da wannan? Mai ganga? A rumfunan zaɓe na ƙauyukan Aborijin da ke nesa, irin waɗanda Midnight Oil suka zaga a 1986, mafi yawan masu ƙuri'a eh suka ce. Sauran ƙasar ce ta ce a'a, kuma ta faɗa ne bayan ta shekara 36 tana jin waƙar Beds Are Burning, har tana amshi.