Sharhi: Dutsen da Aka Daina Hawa

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau kan wuraren tarihi ne da yadda mutanen wurin da baƙi ke ɗaukarsu, kuma zai fara ne daga tsakiyar hamadar Ostireliya, inda wani jan dutse mai tsayin mita 348 yake tsaye shi kaɗai a fili.

A shekarar 1873 wani Bature mai safiyo, William Gosse, ya raɗa masa suna Ayers Rock don girmama wani jigo a gwamnatin Turawa ta lokacin. Alhali mutanen Anangu, waɗanda kakanninsu suka shafe dubban shekaru a wurin, Uluru suke kiransa, kuma a wajensu wuri ne mai alfarma, ba a hawansa don nishaɗi. Baƙi ko a jikinsu. Har sarƙa aka kafa a jikin dutsen a shekarun 1960 domin masu yawon buɗe ido su riƙa kamawa suna hawa. Da yake babu bayan gida a can sama, wasu sukan biya buƙatarsu a nan, ruwan sama ya wanko ƙazantar zuwa tafkunan da ke gindinsa.

Ranar 26 ga Oktoba, 1985, gwamnati ta mayar wa Anangu mallakar wurin, amma ba a hana hawa ba. Su kuwa sai suka kafa allo a gindin dutsen suna roƙon baƙi su haƙura. Roƙo kawai, babu tara, babu ɗan sanda. A shekarun 1990 kusan kashi 74 cikin ɗari na masu ziyara ne ke hawa. Zuwa 2015 sun ragu zuwa kashi 16. Sai a 2017 hukumar da ke kula da wurin ta kaɗa ƙuri'ar rufe hanyar, aka rufe ta a Oktoban 2019. A ganina nan gizo ke saƙar: kafin doka ta iso, kunya ta riga ta ci rabin aikin. Kada dai mu cika yabon ɗan Adam, domin a makonnin ƙarshe sai da aka ga dogon layi na masu rububin hawa kafin a rufe.

A Jamus kuma abin ya juya ta wata fuskar. Mutanen Berlin da suka ɗauki guduma suna farfasa katangar da ta raba birninsu a 1989, su ne a 2013 suka fito zanga-zanga don a bar ragowarta, lokacin da mai ginin gidajen alfarma ya nemi cire wani sashe.

Sai Venice ta Italiya, wadda ta fi ba ni tausayi. A farkon shekarun 1950 mazauna tsohon birnin sun haura dubu 170, yau ba su kai dubu 50 ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne masu gidaje sun gane cewa baƙon kwana uku ya fi ɗan haya na shekara kawo riba. A 2024 hukumomi suka sa wa masu zuwa yini ɗaya kuɗin shiga, yuro 5. Kun san waɗanda suka fito suna adawa a ranar farko? Mazauna birnin da kansu. Hujjarsu ita ce, garin da ake sayen tikiti kafin a shiga ya zama wurin kallo, su kuwa gidajen haya masu sauƙi suke nema, da makarantu da asibitin da za su sa 'ya'yansu su zauna.