BUK ko ABU? Kafin ka cike JAMB tsaya ka ji wannan

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Bidiyon yau na ƙannenmu ne masu shirin cike fom ɗin JAMB, musamman waɗanda suka tsaya cak tsakanin makarantu biyu, Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya (ABU). Baba yana cewa ABU saboda can ya yi, mama tana cewa BUK saboda kusa da gida, abokai kuma kowa da inda yake ja. Toh ni yau ba zan tsaya kan wacce ta fi wacce a takarda ba, duk biyun na gwamnatin tarayya ne, duk biyun digirinsu yana da daraja, idan ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ta tafi yajin aiki ma tare za ku zauna a gida. Abin da nake so mu duba shi ne rayuwar, wato ƙarfe huɗu na yamma an tashi daga lakca, ina kake, da wa kake, me kake yi.

Ka san ma asalin su biyun gida ɗaya ne? An buɗe ABU a 1962 zamanin Sardauna, ita kuma BUK kwaleji ce a ƙarƙashinta, Kwalejin Abdullahi Bayero, sai a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a, Dakta Mahmud Tukur ne shugabanta na farko. Uwa da 'ya kenan. Amma halinsu ya bambanta sosai, kuma dalilin bambancin yawanci wurin da aka ajiye kowacce ne.

ABU, babban kampus ɗinta yana Samaru, can wajen gari kan hanyar Sokoto, kuma wallahi gari ne da kansa. Kasuwa a ciki, masallatai da coci a ciki, filin wasanni, dam, laburaren Kashim Ibrahim, hostel irin su Amina da Ribadu na mata, Danfodio da Akenzua da ICSA Ramat na maza, za ka iya yin wata guda cur ba ka leƙa bakin get ba kuma ba abin da ka rasa. Wanda bai samu gado a hostel ba ya kama ɗaki a cikin Samaru, nan ma dai ɗalibai ne ta ko'ina. Toh ka ga idan mutum yana kwana a makaranta yana tashi a makaranta, dole makarantar ta shiga jikinsa. Ɗan ɗakinku ƙila Batibi ne daga Binuwai, na gadon sama Bayarabe daga Kwara, na kusa da ƙofa ɗan Kudancin Kaduna, ga Babarbare daga Maiduguri, kuna raba risho ɗaya da bokiti ɗaya, kafin shekara ta zagayo ka iya burokin turanci ko kana so ko ba ka so, su ma sun tsinci Hausa. Tun farko don duk Arewa aka gina ta, ba don Hausawa kaɗai ba, shi ya sa cakuɗuwar ta yi yawa haka.

Kuma makaranta ce mai tarihin gardama. Nan Dakta Bala Usman ya koyar da tarihi yana caccakar masu mulki, nan Patrick Wilmot ya koyar har gwamnatin Babangida ta fitar da shi daga ƙasar a 1988. A fannin zane ma, su Bruce Onobrakpeya da Uche Okeke da Yusuf Grillo a Zariya suka tayar da nasu tawayen kan bin salon zanen Turawa zalla tun 1958, lokacin wurin yana kwaleji. Zafin wancan lokacin ya ragu ba ƙarya, amma har yau ɗan ABU idan yana magana za ka ji wannan taƙamar, kamar shi ya kafa Najeriya. To da ɗan dalilinsu, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa can ya yi, Sarki Sanusi can ya yi tattalin arziki, Namadi Sambo can ya karanta zanen gine-gine.

Amma a kula, ba kowa ne zai zauna Samaru ba. Idan shari'a za ka karanta ko harkar gudanarwa, Kongo za a kai ka, ita kuma tana kusa da Tudun Wada cikin gari, ƙarama ce, kowa ya san kowa, rayuwarta daban. Masu likitanci kuma idan sun yi nisa Shika za su koma wajen asibitin koyarwa. Saboda haka kar ka ga hotunan Samaru a TikTok ka ɗauka nan za ka yi shekara biyar ɗinka.

Yanzu mu zo Kano.

BUK tana da tsohuwar makaranta wajen Kabuga da sabuwa a kan titin Gwarzo, sai asibitin Malam Aminu Kano na masu likitanci. Abin da ya kamata ka gane shi ne BUK a cikin Kano take, kuma Kano ta fi ƙarfin kowace makaranta. Ɗalibai da yawa jeka-ka-dawo suke yi, da safe a hau adaidaita ko bas daga Gwammaja ko Hotoro ko Sharaɗa, a sha lakca, la'asar na yi kowa ya kama gabansa. Wani daga aji sai shagon babansa a Kwari, wani Farm Centre wajen waya, wata kuma gida za ta koma ta ɗora girki saboda matar aure ce da yara biyu, kuma ba wanda zai kalle ta da mamaki don irinta suna da yawa a ajin. Akwai hostel, akwai masu kama ɗaki a Danbare da Rimin Gata da Janbulo, akwai baƙi daga jihohi daban-daban, amma Hausa ce ke yawo a harabar, shiga ta mutunci ce kuma akwai dokar sutura da ake dubawa tun daga get.

Wasu suna faɗin wannan kamar aibi, wai BUK babbar sakandare ce. Ni ban yarda ba. Yaron da yake karanta kasuwanci da safe, da yamma yana tsaye a kanti yana ganin yadda ake ciniki da bashi da asara, wallahi akwai abin da ya sani wanda lakcara ba zai koya masa ba. Wanda yake son aikin jarida, ga sashen koyon aikin jarida mai ƙarfi, ga rediyon makarantar, ga tashoshin rediyo cike da gari inda zai je ya goge, ga Kannywood a gefe. Mai son Hausa ko Larabci ko addinin Musulunci kuwa ai ya zo gida, tun tana kwaleji da irin waɗannan darussan ta fara. Ga Mambayya, gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, a hannun jami'ar yake, ana taruka kan siyasa da dimokuraɗiyya. Farfesa Attahiru Jega ma kafin ya je INEC a 2010 shi ne shugaban BUK.

Toh wa ya dace da ina? Ga ra'ayina, kuma ra'ayi ne, ba aya ba. Idan kai ɗan Kano ne, a Kano aka haife ka, firamare Kano, sakandare Kano, abokanka duk 'yan layinku, kuma gida za su iya ɗaukar nauyinka, ni sai in ce ka tafi Zariya. Ba nisa, tafiyar awa biyu ce da 'yan kai, ranar Juma'a ka iya zuwa gida ka dawo Lahadi. Amma za ka koyi dafa abincinka, ka koyi lallaɓa dubu biyar ta kai ka ƙarshen sati, ka zauna da wanda ba addininku ɗaya ba ka gane shi ma mutum ne mai kirki ko mara kirki kamar kowa. Ranar da aka tura ka bautar ƙasa Ebonyi ba za ka rikice ba.

Idan kuma kai ne babba a gida, ko kana da sana'ar da take ciyar da kai, ko ke ƙanwata an sa miki rana, ko kuma ka san halinka, ka san idan ba idon babba a kusa za ka saki karatun ka bi 'yan shiririta, to BUK ta fi maka, kuma ba abin kunya ba ne. Mutane ba sa son faɗin wannan na ƙarshen amma gaskiya ce, 'yancin hostel ba kowa yake iya riƙe shi ba a shekara 17. Sannan ga lissafin kuɗi, mai kwana a gida ya huta da kuɗin ɗaki da na abinci, amma kar ya manta kuɗin mota kullum, daga Hotoro zuwa sabuwar BUK ba nan kusa ba ne, ga cunkoson Kabuga da safe, lakcar ƙarfe takwas sai ka fito tun gari bai gama wayewa ba.

Ga wanda yake zuwa daga nesa, misali daga Jos ko Yola ko Legas, lissafin ya ɗan juya. A ABU kusan kowa baƙo ne don haka saurin yin abokai ya fi sauƙi. A BUK idan yamma ta yi 'yan gari suka watse za ka iya jin shiru a farkon zuwa, sai dai kuma idan kana da dangi a Kano ko kana son ka koyi kasuwanci, ka samu abin da Samaru ba za ta ba ka ba.

Abu biyu kafin in rufe. Duk wannan maganar ta biyo bayan kos ne, ka fara duba ko abin da kake son karantawa yana nan kuma makinka zai kai, misali likitan dabbobi ABU ta daɗe da yin suna a kai, ga cibiyar binciken noma a Samaru da ta dabbobi a Shika. Sannan adimishan na jami'o'in tarayya ana raba shi ne kashi 45 cancanta, 35 'yan yankin makarantar, 20 jihohin da aka bari a baya a ilimi, don haka ka duba jiharka tana ina a lissafin kowacce. Kuma duk biyun, wanda ya sa su zaɓin farko suke fara kulawa.

In da hali, kafin ka je cibiyar da JAMB ta amince da ita ka cike fom, ka shiga mota ka je ka gani da idonka, ranar aiki ba Asabar ba. Ka shiga hostel ka duba banɗaki da ruwa, ka ci abinci inda ɗalibai suke ci, ka samu ɗan aji uku na sashen da kake so ka tambaye shi yadda malamansu suke da yadda sakamako yake fitowa, ɗan aji ɗaya bai san komai ba tukuna. Wanda kuma ya riga ya cike yanzu yake jin ya yi kuskure, JAMB tana ba da damar canja makaranta, ana biyan kuɗi kaɗan a cibiyar da aka amince da ita, sai dai a yi da wuri kafin makarantar ta rufe rajistar tantancewar da take yi wa ɗalibai bayan JAMB.

A bidiyo na gaba za mu duba yadda ake lissafin maki na tantancewar nan. Sai mun haɗu, Allah ya ba da sa'a.