Jirgin Disney Mai Dogo Guda: Kuɗin Yana Cikin Kankare

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai leƙa Amurka, wuraren shaƙatawar kamfanin Disney, inda ake da jirgin nan da ake kira monorel, wato jirgin ƙasa mai tafiya a kan dogo guda tal, sama da kawunan mutane.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, ginshiƙai ne na kankare a jere, an ɗora musu wata doguwar siririyar gada. Jirgin yana hawanta ne irin hawan doki, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can. Tayoyinsa na roba ne. Wasu na birgima a bayan gadar, wasu sun rungume ta ta gefe biyu don kada ya karkace. Wutar lantarki yake ja daga ƙarafan da ke manne a jikin gadar, shi ya sa yakan wuce ba hayaƙi, ba ƙarar ƙarfe. A jihar Fulorida har ta tsakiyar otal ɗin Contemporary yake ratsawa, mutane na cin abinci a ƙasa, jirgi na sulalewa ta samansu, yara sun manna fuska a gilashi suna ɗaga hannu.

Asalin fasahar daga Jamus take. Wani attajiri ɗan Suwidin, Axel Wenner-Gren, shi ya zuba kuɗi a kamfanin Alweg, wanda ya gina layin gwaji kusa da birnin Kolon. Walt Disney, wanda ya kafa kamfanin Disney, ya gani, abin ya kwanta masa a rai, ya sa wani matashin mai zane, Bob Gurr, ya tsara masa jiki mai kama da roka. Ranar 14 ga Yunin 1959 aka buɗe layin a Disneyland da ke Kalifoniya, kuma mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Richard Nixon, ya halarta. Taragai uku kacal jirgin farko yake da su. Burin Walt Disney ya wuce wasan yara, so yake birane su gani su kwaikwaya. A 1963 Alweg ya yi wa Los Anjelis tayin gina mata layi, mahukunta suka ƙi.

To, a nan nake so mu tsaya. Masoya wannan jirgi sun daɗe suna tambaya: me ya hana Disney sayen sabbi, manya, masu faɗi? Amsar tana cikin faɗin gadar nan. Ta Disneyland inci 20 ce, kimanin santimita 51, ba ta kai tsawon hannun babban mutum ba. An zana ta ne don ƙaramin jirgi na nuni, da kwanoni masu tsanani da ke lanƙwasa tsakanin gine-gine. Sakamakon haka har yau taragan ƙanana ne, rufinsu a ƙasa yake, babu wurin da za a cusa na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfi, sai dai a buɗe taga. Idan rana ta take sosai, akan dakatar da jirgin gaba ɗaya. Shawarar da aka yanke a 1959 ita ke hana yaro hawa jirgi yau.

Da aka zo gina Walt Disney World a Fulorida, wanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoban 1971, an ɗan koyi darasi, aka faɗaɗa gadar zuwa inci 26, wato santimita 66. Jiragen da ke aiki a can yanzu, samfurin Mark VI, kamfanin Bombardier na Kanada ne ya ƙera su, suka fara aiki a 1989. Guda 12 ne, kowanne taragai shida, tsawonsa kusan mita 62, yana kwasar mutum kamar 360 idan an haɗa da na tsaye. Amma ko wannan faɗin bai kai na manyan jiragen Hitachi na Japan ba, masu hawa gadar santimita 85. Ke nan Disney ba zai shiga kasuwa ya nuna jirgi ya ce a ba shi ba. Dole a auna, a zana, a ƙera masa nasa shi kaɗai, kamar ɗinkin tela.

Batun kuɗi kuwa, an ruwaito cewa kowane Mark VI ya ci sama da dala miliyan 3.5 a wancan lokaci, duka 12 sun haura miliyan 40. Kuɗi ne masu yawa. Amma ku kwatanta da birnin Las Begas, wanda ya buɗe nasa layin a 2004 da jirage 'yan gidan su Mark VI ɗin. Layin bai kai kilomita 6.5 ba, ya lashe kusan dala miliyan 650 da tashoshi da komai, kuma a 2010 kamfanin da ke tafiyar da shi ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Ginshiƙi da gada da tasha su ne ke cinye dukiyar. Disney kuwa yana da kusan kilomita 24 na irin wannan gada a Fulorida, don haka maganar rushe ta a faɗaɗa ba ta ma taso ba.

Akwai kuma wahalar canjin hanya. A jirgin ƙasa na gargajiya ɗan siririn ƙarfe ake turawa. A monorel, guntun gadar sukutum ake motsawa. A wajen irin wannan canji ne, da tsakar daren 5 ga Yulin 2009, jirgi ɗaya ya yi baya ya afka wa wani a Fulorida, matuƙi ɗan shekara 21 ya rasu. Tun daga nan aka hana fasinja a can Fulorida zama gaba tare da matuƙi, wurin da a da yara ke rububinsa.

Ni dai a ganina, jiragen da suka haura shekara 30 suna ɗaukar dubban iyalai kullum cikin zafin Fulorida sun isa hutu, kuma tsadar ɗinkin tela ba hujja ba ce ga kamfani mai ƙarfin Disney. Ana yi musu kwaskwarima, ana sake fenti da kujeru, amma ƙashin bayan nan shi ne na jiya. Rabon da a ƙara wa layin tsawo tun 1982, lokacin da aka kai shi Epcot, ɗaya daga cikin wuraren wasan Walt Disney World. Da bukatar haɗa wasu otal-otal da wuraren wasa ta taso, kamfanin bai dasa ginshiƙin monorel ko ɗaya ba. A Satumban 2019 ya buɗe Skyliner, ƙananan akwatuna masu rataye a igiyar ƙarfe, kowanne na ɗaukar mutum goma.

Sai kuma a sharhinmu na gaba. A huta lafiya.