Sharhi: Mintuna Goman Farko na Rigima a Wurin Sana'a

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, musamman 'yan kasuwarmu na Mile 12 da Agege da Alaba Rago, da mutanen Idi-Araba da Obalende, da direbobin da ke jiran lodi a Apapa da Ijora.

Duk wanda yake Legas a watan Maris na 2016 bai manta abin da ya faru a Mile 12 ba. Saɓani ne ya haɗa wani ɗan acaba da mutanen unguwa a wajen Agiliti, irin saɓanin da ake yi kullum a kan titi a rabu. Wannan karon ba a rabu ba. Kafin a ankara an yi asarar rayuka, an ƙona gidaje da shaguna, gwamnatin Akinwunmi Ambode ta rufe kasuwar, ta kuma hana fita a wasu titunan. Tumatir da tattasai da aka ɗauko tun daga Kano da Kaduna da Filato suka ruɓe a cikin kwanduna. Mutumin da ya ci bashi ya yi lodi, bai san ɗan acaban ba, bai san wanda aka yi faɗan da shi ba, amma shi ma ya biya.

Shekara shida bayan haka, a watan Mayu na 2022, gardama a kan kuɗin acaba da aka ce bai wuce naira 100 ba ta kai ga kisan wani matashi a Lekki. Ranar 1 ga Yuni gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta fara hana acaba a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. Ran da aka salwantar ba ya dawowa, kuma ɗimbin matasanmu da ba su ji ba su gani ba suka wayi gari babu hanyar abinci. Dattawanmu kuwa suna iya komawa baya su tuna rikicin Ketu a watan Nuwamba na 1999 da na Idi-Araba a watan Fabrairu na 2002.

Abin da ya sa na tuno waɗannan shi ne, a garin nan faɗan mutum biyu ba ya daɗewa yana na mutum biyu. Idan ɗan dako ya bangaje mai saye, ko aka yi musu a kan canji, cikin ɗan lokaci za ka ji an daina cewa wane da wane, an koma cewa Bahaushe da Bayarabe. Tsakanin zagin farko da jifan farko akwai 'yan mintuna, ba su fi goma ba a ganina, kuma a cikinsu ne ake kashe wutar ko a rasa kasuwa. Tambayata ga duk mai shago, mai rumfa, mai sito, mai gareji da shugaban kowace ƙungiya ita ce: a waɗannan mintunan, wa zai yi me?

Mun iya shirin ɓarawo. Muna sayen kwado mai tsada, muna ɗaukar maigadi, wasu har kyamara suke sawa. Wasunmu sun fara koyon shirin gobara. Amma shirin rigima, sai ka ji an ce Allah ya kiyaye, a wuce. Amin, Allah ya kiyaye. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya ce a dogara ga Allah shi ne ya ce a ɗaure raƙumi.

Kowane layi a kasuwa yana buƙatar mutum biyu ko uku da kowa ya san su ne masu shiga tsakani. Ba lallai ne su kasance masu kuɗin layin ba. A nemi mai sanyin rai, wanda ake jin nauyinsa, wanda kuma yake jin Yarabanci ko ya iya turancin buroka sosai. Muna da irinsu da yawa, waɗanda aka haifa a Agege, suka taso da 'ya'yan unguwa, suka san yadda ake rusunawa a gaida babba a al'adar masu gari. Kalmar ban haƙuri guda da aka faɗa wa mutum da harshensa tana yin aikin da 'yan sanda goma ba za su yi ba. Irin wannan mutumin ya kamata a ce lambar babaloja da iyaloja, wato sarkin kasuwa da uwar kasuwa, da ta baale, wato mai unguwa, da ta difi'o, da ta fadar Sarkin Hausawa duk suna cikin wayarsa, kuma ya taɓa zama da su lokacin da ake lafiya. Wanda ba ka taɓa gaisarwa ba, da wuya ya ɗaga wayarka ranar tashin hankali.

Sannan yaran shago su ji daga bakin maigida, tun ranar da aka ɗauke su, cewa idan rigima ta tashi ba a taron dangi. Aikin yaro ya janye ɗan'uwansa, ya kira babba. Wuraren da ake aiki da makami dole, kamar mahauta a kwatar Oko-Oba, ko masu tsire, ko masu gyaran mota da ƙarafansu, su ne suka fi buƙatar wannan doka: da zarar murya ta tashi, a ajiye wuƙa tukuna, sannan a yi magana. Mutum mai fushi da wuƙa a hannu ba ya bukatar niyyar kisa kafin ya yi kisa.

Akwai kuma wayar hannu. Saƙon murya guda a WhatsApp da ke cewa ana kashe 'yan Arewa a wuri kaza ya isa ya tayar da unguwa uku, har ya jawo ramuwa a kan bayin Allah da ke zaune a Kano ko Kaduna. Ƙungiya ta tsayar da mutum ɗaya da zai riƙa fitar da bayani, sauran su kama bakinsu har a tabbatar. Wanda ya yaɗa abin da bai gani ba, a hukunta shi kamar yadda ake hukunta wanda ya ƙi biyan kuɗin ƙungiya.

To, yanzu bari in shigo cikin gida, domin a nan ne maganar ta fi yi mini nauyi. Idan aka ce tashin hankali a wurin aiki, hankalinmu yakan tafi ga 'yan agbero, wato masu karɓar kuɗi a tasha, da 'yan fashi. Amma marin da ya fi yawa a kasuwanninmu, daga hannun maigida yake fitowa zuwa kuncin yaronsa. Kuɗi sun ɓace a aljihun tebur, ba bincike, ba shaida, sai a ja yaro cikin sito a rufe ƙofa a sa masa bulala ko wayar wuta har sai ya amsa. Wani ya amsa abin da bai yi ba don a ƙyale shi. Yaron nan iyayensa ne suka damƙa shi amana daga Sakkwato ko Katsina ko Zindar, ba shi da kowa a Legas sai wanda ke dukansa, ba shi da kuɗin motar komawa gida. Alhaji, don Allah ka tsaya ka yi tunani: wa zai kai wa ƙara?

Kuma abin ba ya tsayawa a nan. Yaron da aka wulaƙanta da safe shi ne zai zagi mai saye da rana. Wanda aka kora cikin tozarci a gaban jama'a, aka riƙe masa haƙƙinsa na wata uku, shi ne ya san inda ake ajiye kuɗi da lokacin da ake kai su banki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba ina wanke mai cin amana ba ne, laifinsa nasa ne. Ina cewa ne mai dukiya da ke son dukiyarsa ta zauna lafiya, ya fara da gyara mu'amalarsa da masu tsare masa ita. A rubuta yarjejeniya ko da a takardar littafin makaranta ce: nawa ne albashi, yaushe ake biya, shekara nawa kafin sallama, me za a bayar. A riƙa lissafin ciniki kullum a gaban yaro, ba sai ƙarshen shekara a ce masa akwai giɓi ba. Idan zama ya ƙi, a kira shaidu biyu, a biya shi abin da yake bi, a rabu da mutunci. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma, ya ce bai taɓa ce masa ko tir ba. Mu ne kuma muke karanta umarnin a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe.

Kada mu manta da mata. Masu sayar da abinci, da 'yan mata masu tallan fura da kunu, da masu aikin shara da tsintar barkono, suna shan maganganun banza da taɓe-taɓe a cikin kasuwa, kuma yawancinsu shiru suke yi don kada a ce su ne suka jawo. Wannan ma cin zarafi ne a wurin aiki, dokar laifuka ta Jihar Legas ta haramta shi, jihar kuma tana da hukuma ta musamman, DSVA, mai karɓar irin wannan ƙorafi. Kowace ƙungiyar kasuwa ta samu dattijuwa da mace za ta iya zuwa wurinta ta faɗi damuwarta ba tare da labarin ya zaga layi ba.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 a shekarar 2019, kan kawar da tashin hankali da cin zarafi a fagen aiki, Najeriya kuma ta rattaba hannu ta karɓe ta a 2022. Abin da ya burge ni a cikinta shi ne ba ta tsaya ga masu ofis da kwat ba. Ta haɗa da masu sana'ar da ba ta da rajista, da masu koyon aiki, har da hanyar zuwa aiki da dawowa. Wato ɗan dako da yaron shago da mai wankin mota duk suna ciki.

Game da barazanar da ke zuwa daga waje kuwa, maganar gajeruwa ce. Kuɗin tikiti da kuɗin ƙasa da ake karɓa a tasha da bakin kasuwa, kada a bar kowane yaro ya yi jayayyarsa shi kaɗai da masu karɓa. Shugabanni su zauna su tsayar da adadi, a san wa ke karɓa, a nemi rasit. Mai POS da mai canjin kuɗi su rage tara tsaba a hannu, su riƙa sauya lokaci da hanyar kai kuɗi. Idan kuma aka ɗora wa yaronka bindiga, ya riga ya ji daga bakinka cewa ya miƙa kuɗin, ba za ka ɗora masa bashin ba. Yara da yawa suna kokawa da ɗan fashi ne don tsoron maigida ya fi musu tsoron harsashi. Shi ma maigadin da muke bari shi kaɗai da sanda da tocila a gaban dukiyar miliyoyi, a ba shi waya mai kuɗi a ciki, da usur, da abokin kwana, a kuma haɗa shi da masu gadin maƙwabta.

Idan ƙaddara ta riga fata, aka ji wa wani rauni, asibiti ne farko. Lambobin gaggawa na Jihar Legas su ne 112 da 767, kyauta ake kiransu, ya kamata a rubuta su da manyan baƙi a jikin bangon kowane ofishin ƙungiya. Tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa asibitoci, na gwamnati da na kuɗi, su karɓi wanda aka harba su fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Mutane da yawa ba su san da ita ba, shi ya sa ake yawo da mai zubar jini daga wannan ƙofa zuwa waccan. A san tun yau wane asibiti ne mafi kusa, wace hanya ce ba ta cushewa, motar wa za a ɗauka. Bayan haka a kai rahoto ofishin 'yan sanda, a rubuta abin da ya faru tun shaidu ba su watse ba, a adana hoton kyamara idan akwai. Rigimar bashi ko haya ko albashi da ba ta kai ga jini ba, akwai cibiyar sulhu ta Ma'aikatar Shari'a ta jiha, Citizens' Mediation Centre, inda ake sasanta mutane kyauta.

Saura wanda aka ji wa raunin. Mun saba mu yi karo-karo ranar farko, mu saya masa magani, bayan mako guda mu ɗora shi a bayan tirelar da ta sauke kaya, mu ce ya je gida ya yi jinya. Daga nan ba mai sake tambayarsa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi cewa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta tarayya, domin wanda ya ji rauni ko ya nakasa a bakin aiki, ko iyalan wanda ya rasu, su samu diyya. Masu kamfanonin sufuri da manyan sito da gidajen mai a cikinmu ba su da uzurin ƙin shiga. Ƙananan 'yan kasuwa kuma, ƙungiyoyinmu da ke karɓar kuɗi a kan kowace mota da kowane kwando suna iya ware wani kaso sananne, a rubuce, a hannun amintattu uku, don jinyar ɗan dako da maigadi da yaron mota, da kuma abin da za a aika wa matarsa da 'ya'yansa a gida har ya miƙe.

A taron ƙungiya na gaba, ina roƙon wani daga cikin masu saurarona ya ɗaga hannu ya tambayi shugaba ko akwai wannan asusun, nawa ne a ciki, kuma wa aka taɓa biya daga cikinsa.

Wassalamu alaikum.